Kwas ɗin na'urar nutso a teku: abin da ya biya ni da abin da bai gamsar da ni ba

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata kan kwas ɗin nan na sarrafa na'urar nutso a teku, wadda ake ce wa ROV, ko ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce eh ya cancanta, amma ba don abin da suke nunawa a talla ba. A tallan mutum za ka gani zaune gaban sikirin da sandar tuƙi a hannu, sanye da jan kaya irin na ma'aikatan mai, sai ka ɗauka tuƙin shi ne sana'ar. Abin da ya biya ni kuɗina shi ne darasin tsara nutso, wato duk lissafin da ake yi a takarda kafin na'urar ta taɓa ruwa, kuma a kansa zan fi tsayawa saboda shi ne ban taɓa jin wani ya yi bayaninsa da Hausa ba.

Kamfanin daga Fatakwal suke, ba zan kama sunansu ba tunda akwai ƙorafi a maganata. Kashin farko nan Kaduna suka zo suka yi, a ɗakin taron wani otal ta wajen Barnawa, da ƙaramar na'ura mai farfela takwas wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka, muka fara da kwamin wankan otal ɗin daga baya aka kai mu wani dam a bayan gari. Kashi na biyu mu muka bi su Fatakwal aka fita da mu bakin teku a jirgin aiki. Ni dai lantarki na karanta a Kaduna Poli, aikina gyaran inbata da haɗa fanel, akwai wani ɗan Panteka mai walda da haɗa injina a cikinmu, da wasu injiniyoyin ruwa, da 'yan mata biyu da suka karanta kwamfuta kuma wallahi su suka fi mu kwanciyar hannu a kan sandar.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Kaduna da teku. Toh man da ƙasar nan ke taƙama da shi da yawansa a ƙarƙashin ruwa mai zurfi yake. Bonga, wadda ta fara fitar da mai a 2005, tana kusan kilomita 120 daga gaɓa, zurfin ruwan wajen ya wuce mita 1,000, Agbami da ta fara a 2008 da Egina da ta fara a ƙarshen 2018 sun ma fi ta zurfi. Ƙwararrun masu nutso da kansu, ko da irin waɗanda ake ajiyewa makonni a ɗakin matsi, aikinsu na yau da kullum bai cika wuce mita 300 ba, duk abin da ya yi ƙasa da haka na'ura ce ke zuwa. Kuma kun tuna 14 ga Maris 2024 da intanet ya riƙa yankewa har banki ya gagara, manyan kebul na ƙarƙashin teku ne suka lalace ta wajen Kodebuwa, irin su MainOne da WACS da SAT-3 da ACE. Abin da ke kwance a ƙasan teku yana taɓa mai POS a Kasuwar Barci.

Malamin da ya ɗauke mu darasin tsarin dattijo ne, ya daɗe yana sufabaiza a jiragen aiki, Oga muke ce masa. Abu na farko da ya sa mu yi shi ne lissafin lokaci, ya ce kowa ya ɗauki biro. Aikin misali ne, duba bututu mai tsawon kilomita 3 a zurfin mita 1,000, an ba ka awa 12. Idan injin sauke kebul yana tafiyar mita 30 a minti, sauka kawai ta ci sama da rabin awa, hawowa ma haka. A ƙasa kuma idan kana son bidiyo mai kyau wanda mai aiki zai karɓa, gudunka bai wuce rabin not ba, not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, kenan kana cin mita 900 da 'yan kai a awa, bututun nan ya cinye sama da awa 3 ba tare da ka tsaya ko sau ɗaya ba, alhali dole ka tsaya a kowace mahaɗa da kowane wajen da ƙasa ta zaizaye ta bar bututun a rataye. Ga gwajin kafin nutso, ga jiran jirgi ya daidaita, ga canjin ma'aikata. Kafin ka ankara awa 12 ɗin nan ta koma kamar 7 na aiki na gaske. Shi ya sa ya dage a kan a jera ayyuka kashi uku tun a sama, wanda dole ne, wanda ake so, da wanda in lokaci ya ragu, kuma na dole ɗin shi ake fara yi ko da ya fi nisa, saboda ba ka san lokacin da iska za ta tashi ko wata farfela ta tsaya ba. Ya ce masu aiki kullum suna zuwa da jerin buƙatu ninki biyu na abin da lokaci zai ɗauka, aikin mai tsari ne ya zauna da su ya sa su zaɓa da bakinsu kafin a sauka, kar a bari sai na'ura tana ƙasa a fara gardama.

Sai maganar kebul, wadda a gaskiya ita ce zuciyar kwas ɗin. Na'urar nan ba ta da 'yanci, akuya ce a turke, iyakar igiyarta iyakar kiwonta, kuma igiyar ce ke kawo mata wuta ta kai umarni ta dawo da hoto. Abin da yawancinmu ba mu yi tunani ba shi ne ruwa mai gudu ya fi jan kebul ɗin fiye da yadda yake jan na'urar kanta, domin kebul siriri ne amma tsawonsa ɗaruruwan mitoci ne kuma kowace mita ruwa na tura ta. Ƙarfin turin kuma ba daidai yake hawa da gudun ruwan ba, in gudun ya ninka biyu turin ninki huɗu yake yi. Don haka na'urar da aka rubuta a kwalinta tana gudun not 3 za ta iya kasa matsawa gaba a ruwa mai gudun not ɗaya da rabi in an saki kebul da yawa. Na ga wannan da idona a bakin kogi can Fatakwal, an tura farfela har ƙarshe, a sikirin ƙasa sai baya take yi a hankali, Oga ya sa mai riƙon kebul ya janye kamar mita goma sha, nan take ta fara cin gaba. Manyan na'urori suna sauka ne a cikin keji ko a ƙarƙashin wani gangan naɗi mai nauyi wanda ke rataye a kebul mai sulke, in an kai zurfin sai ta fito da ɗan siririn kebul nata, ƙanana kuma ana ɗaura wa kebul ɗin nauyi a bar mata guntun tsawo ta yi yawo da shi. Duk dabarar ɗaya ce, a rage tsawon da ruwa zai ja.

Daga nan ne tsarin tsayuwar jirgi ya fito. Kafin a sauke komai sai an san ta ina ruwa ke tafiya a sama, ta ina yake tafiya a ƙasa, don ba lallai su zama ɗaya ba, sannan a zauna da kyaftin a yarda ta wane gefe za a sauke yadda ruwa zai ɗauke kebul nesa da farfelar jirgin. Kebul ya shiga farfelar jirgi, shikenan an yi asarar na'ura kuma wataƙila jirgin ma ya tsaya. A ƙasa kuma ana tunkarar abin da za a duba ne ana fuskantar gudun ruwan, ta haka laka da farfela ta tayar za ta wuce baya ta bar kyamara a fili, kuma in wuta ta ɗauke ruwan zai janye na'urar daga jikin ƙarfen maimakon ya cusa ta ciki. Sannan duk hanyar da ka bi ka shiga tsakanin ƙafafun wani gini, ta nan za ka fito, kana lissafin sau nawa ka juya dama sau nawa hagu don kar kebul ya murɗe. Jafanawa suna da wata na'ura, Kaiko, ta kai wuri mafi zurfi a tekun duniya a 1995, amma a 2003 kebul ɗin da ke haɗa ta da abin saukar da ita ya tsinke lokacin da guguwa ke matsowa, ba a sake ganinta ba. Oga ya kawo wannan ne don mu san ƙwararru ma kebul ke kayar da su.

Darasin da ya fi min daɗi shi ne na cikowa da janyewar teku, saboda lissafin wata ne, abin da muka taso da shi. A gaɓar Najeriya teku na cika sau biyu a rana ta janye sau biyu, tazarar cikowa zuwa cikowa kamar awa 12 da minti 25, kullum kuma lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Kwanakin tsayuwar sabon wata da kwanakin da ya cika, sha huɗu sha biyar, ruwan ya fi cika ya fi janyewa kuma ya fi gudu, wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuma ya fi laushi. Tsakanin cikowa da janyewa akwai ɗan lokaci da ruwan ke lafawa, a bakin kogi da tashar jiragen ruwa wannan ɗan lokacin shi ne kasuwarka, aikin da ya fi wuya nan ake saka shi. Sojan ruwan Najeriya na fitar da jadawalin wannan duk shekara, kuma an koya mana karanta shi. Wani abokinmu mai bin kalandar Hijira ya riga kowa ganewa, Oga ya tambayi ranar da ta fi dacewa a watan, shi ya ba da amsa ba tare da ya duba takarda ba.

Akwai wani abu da yin kashin farko a Kaduna ya koya mana wanda da a teku muka fara ba lallai mu lura ba. Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi, lita ɗaya tana kai giram 1,025 maimakon 1,000. Na'urar da muka daidaita a dam tana ɗan tasowa a hankali in an saki sanda, da aka kai ta ruwan gishiri sai ta riƙa ƙin nutsewa, dole aka ƙara mata dalma. In jikinta na ture lita 12 na ruwa, bambancin ya kai giram 300, kuma a bakin kogi inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri abin na canzawa tsakanin safe da yamma. Ƙa'idar dai a bar ta da ɗan sauƙi kaɗan yadda in komai ya mutu za ta taso da kanta a hankali.

Sanin inda na'ura take ma wani babi ne. GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa, da sauti ake nemo ta, akwai abin da ke ƙasan jirgi yana aika ƙara, wani a jikinta yana amsawa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa a ruwan teku amma yana canzawa da zafi da gishiri da zurfi, don haka ana auna shi kafin aiki a saka a kwamfuta, in ba haka ba alamar da ke sikirin ƙarya za ta riƙa yi maka. Wani tarko kuma namu ne na gida, tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa a kan ma'aunin Minna aka yi su, GPS kuma da WGS84 yake aiki, bambancinsu gomman mitoci ne, a ruwan da ba ka ganin abin da ya wuce tsawon hannu wannan ya isa ka wuni kana neman abu a inda ba ya nan. Tambayar farko in an ba ka lambobin wuri ita ce a kan wane ma'auni suke. Haka agogo, na bidiyo da na kwamfutar wuri da na mai rubuta abin da ke faruwa duk a saita su ɗaya, galibi UTC, wanda agogonmu ke gabansa da awa ɗaya.

Gwajin kafin nutso kuwa ba su yi mana wasa da shi ba, kuma na yaba. Kowace mita 10 da ka sauka matsin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda, a mita 1,000 ya ninka sau 100. Oga ya ciro zoben roban da ke rufe gidan lantarkin, baƙi siriri, ya ratsa shi tsakanin yatsunsa a hankali yana lalube, ya shafa masa giris ɗan kaɗan har ya yi sheƙi kawai, sai ya ɗauko gashi guda ɗaya ya gitta a kai ya rufe, ya sa famfon zuƙe iska. Muna tsaye muna kallon allurar gejin tana komawa a hankali, alamar iska na shiga. Gashi ɗaya. Ya buɗe ya cire ya goge ya mayar, allurar ta tsaya cak. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara ƙorafin ceklis ɗin ya yi tsawo. Bayan an fito ma akwai nasa, wanke ta da ruwan daɗi, duba farfela ko ta naɗo zaren kamun kifi ko leda, bin kebul da hannu ana neman ƙujewa.

Sai dokokin fasa nutso, waɗanda ake rubutawa tun kafin a fara, girman igiyar ruwa kaza, ƙarfin iska kaza, ko alamar ruwa ya shiga, ko an rasa hoto, a dawo da ita ba tare da shawara ba. Wurin da ya fi haɗari shi ne saman ruwa lokacin saukewa da ɗaukowa, inda jirgi ke sama da ƙasa na'ura na lilo tana iya bugun jikinsa, don haka tambayar da ake yi ita ce yaya teku za ta kasance lokacin da za mu fito, wato bayan awa takwas ko goma. Ana kuma tsara yadda za a ɗauko ta in ta mutu gaba ɗaya, wa zai riƙe me, wa zai tsaya ina. Kuma mutum ɗaya ne ke magana da matuƙi, ko mai kamfanin ne ya shigo ɗakin sai dai ya faɗa wa sufabaiza.

Toh yanzu inda ban gamsu ba. Lokacin riƙe sanda a teku ya yi kaɗan ƙwarai, mun yi yawa na'ura ɗaya ce, ga ruwan da ke lafawa na ɗan lokaci, wasu ma da layi ya zo kansu ruwa ya riga ya fara gudu aka ce a fito. Wannan abu ne da masu koyar da tsari ya kamata su tsara, su raba mu rukuni a ranaku daban, na faɗa musu haka kuma sun karɓa da mutunci amma kuɗin dai an riga an biya. Na biyu, babbar na'urar aiki mai hannuwa, irin wadda aka yi ta gani a talabijin lokacin malalar man Tekun Meziko a 2010 tana aiki a zurfin kusan mita 1,500, a simuleta da bidiyo kawai muka gan ta, ɓangaren haidurolik kuma shafa shi kawai aka yi aka wuce, alhali a wajen ɗaukar aiki gyara ake fara tambaya kafin tuƙi. Takardun da suka raba hoto ne na hoto, wasu zanen ba sa karantuwa. Kuma sun canza ranar tafiya Fatakwal a ƙurarren lokaci, wanda ya riga ya sayi tikitin mota ko ya ɗauki hutu a wajen aiki ya sha wahala, daga Kaduna zuwa can ba tafiyar wasa ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tallan ke sa matasa su ɗauka satifiket ɗin nan tikitin aiki ne. Ba haka ba ne, kuma ina jin tsoron wani ya sayar da babur ɗinsa ko filin gado a kan wannan zaton. Kafin a bar ka ka hau jirgin aiki ko dandalin mai sai kana da BOSIET, horon tsira a teku wanda ya haɗa da fita daga jirgi mai saukar ungulu da ya kife a ruwa, a cibiyar da OPITO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin horon ma'aikatan mai, ta amince da ita, da takardar lafiya ta masu aikin teku, duk kuɗinsu daban ne kuma ba sa cikin kuɗin kwas. Awannin tuƙi kuma a littafin aiki irin na IMCA, ƙungiyar kamfanonin kwangilar aikin teku ta duniya, ake tara su sufabaiza na sa hannu, daga matakin ƙasa kowa ke farawa. Mutanen kamfanin da aka tambaye su a aji sun faɗi gaskiya ba su ɓoye ba, amma ya kamata a ce tana cikin tallan tun farko.

Ta fannin mu'amala ba ni da abin cewa sai alheri, sun tsayar da darasi lokacin sallah ba tare da mun roƙa ba, a jirgi ma wani ma'aikaci ya duba kamfas ya nuna mana alƙibla ya share mana wuri a bayan ɗakin sarrafawa. Wanda bai taɓa hawa teku ba ya nemi maganin jiri a kemis ya sha tun kafin a tashi, zama a ɗaki rufe kana kallon sikirin jirgi na rausaya yana tayar da zuciya sosai.

Wanda ke da hannu a lantarki ko ilektronik ko haidurolik, ko ɗan Panteka da ya iya karanta zanen waya, shi zan ce ya je, ko bai samu teku nan kusa ba akwai dam-dam irin Shiroro da Gurara da Kangimi da tankunan ruwa da ƙafafun gada da ke buƙatar a duba su, kuma lissafin ɗaya ne. Kafin ka biya ka tambaye su mutum nawa ne a kan na'ura ɗaya, awa nawa za a rubuta maka a littafi kuma wa zai sa hannu, sannan a wane wata za a fita teku. Tsakanin Yuni da Satumba tekun Gini ta fi tashi, in suka ce lokacin ne ka nemi a mayar da kai rukunin rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka kuma sa su rubuta maka ranar a rasit.